Shafi Ɗari Uku da Goma Sha Biyu

Bayan katangar ta faɗi, aka kira ni wani ofis a Halle,
aka zaunar da ni gaban tebur mai ɗingishi,
aka ajiye mini rayuwata a ɗaure da igiya:
shafi ɗari uku da goma sha biyu.

Waltraud Pietsch, mai kwaɓa fulawa a gidan burodi.
Ta fita ƙarfe biyar saura kwata.
Ta sayi albasa. Ta yi dariya a wurin jana'iza.
Tana kama tashar ƙetare, murya ƙasa-ƙasa.
Na gane rubutun tun ban gane kaina ba,
hannun Eckhard ne, na bene na uku,
mai zuwa aron gishiri duk Laraba.
Ashe ba gishiri ne ke ƙare masa ba.

Amma Eckhard ɗan Adam ne, yana gajiya.
Gwiwarsa na ciwo, matakala na ba shi wuya.
Akwai mako uku da bai rubuta ko wasali ba,
mura ta kayar da shi, ni ce mai kai masa miya.
Makonnin nan uku nawa ne ni kaɗai,
har yau ina lalubensu kamar kwabo a aljihu.

Bara jikata Fenja ta kawo mini waya.
Ta ce, Kaka, taɓa nan, ki ce kin yarda.
Na ce, na yarda da me?
Ta ce, ba mai karantawa, ya fi shafi ɗari.
Na ce, ni na taɓa karanta ɗari uku.
Ta yi dariya, ta kama yatsana ta danna.

Wani dare barci ya ƙaurace, ƙirji na tsallake bugu,
na tambayi wayar abin da likita bai ji ba,
abin da ko Fenja ban faɗa wa ba.
Kafin ruwan shayi ya tafasa da safe
sai ga tallar gidan tsofaffi mai kallon lambu,
sai ga akwatin gawa, katako mai ƙyalli,
a biya kaɗan-kaɗan, har da rangwame.

Uwata kan ce ciki ba don burodi kaɗai aka yi shi ba.
Yau cikin yana tafin hannu, yana haske,
ba ya mura, ba ya gyangyaɗi,
ya san inda na kwana da wanda na daina kira.

Fenja ta ce, wanda bai yi laifi ba me zai ɓoye?
Na ce, 'yar nan, sayen albasa ma ba laifi ba ne
sai ranar da wani ya bukaci ya zama laifi.
Ta ce maciji ne ya sare ni, nake gudun tsumma.
Wataƙila. Sai dai tsumman nan yana motsi.

Eckhard ya zo ƙofata kafin ya mutu,
hula a hannu, leɓe na rawa.
Ban yafe ba. Amma yana da fuska,
na samu inda zan ajiye fushina.
Wannan fa, ƙofar wa zan buga?
Wa zan hana gishiri?

Yanzu da la'asar nakan sa ta a gwangwanin biskit,
in danne murfi, in gangara bakin kogin Saale,
in watsa wa agwagi ɓawon burodi.
Akwai ido a kan gada, baƙi, ba ya ƙiftawa.
Nakan ɗaga kai in ce masa,
kifi na ganinka, mai jar koma.

Jiya na dawo gwangwanin na kuka.
Na daɗe a tsaye da rigar sanyi a jikina,
sannan na buɗe, don Fenja na da ciki wata biyar.
Hoton asibiti ne ta turo, toka-toka:
ga kai, ga ƙashin baya kamar zaren carbi,
ga ɗan hannu a dunƙule kusa da baki.
Na sumbaci gilashin, hawaye ya ɓata shi.
Bai sha iska ba, ko suna ba shi da shi,
an riga an buɗe masa shafi na ɗaya.